Gwajin shekara-shekara na masu dashen zuciya a wani asibitin Riyad

Shekara huɗu ke nan ina raka yayana daga Jidda zuwa sashen da ke bibiyar waɗanda aka yi wa dashen zuciya a wani babban asibiti na Riyad, kuma abin da ya fi burge ni game da sashen shi ne ba sa gamsuwa da "lafiya lau" daga bakin majinyaci.

A zuwanmu na biyu Yaya ya so ya tirje, ya ce tun da ƙirjinsa ba ya ciwo, bai ga dalilin sake zura masa bututu ta hanyar jini don duba zuciyar ba. Likitan bai yi fushi ba. Ya bayyana mana cewa lokacin dashe ana yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, saboda haka hanyoyin jinin da ke ciyar da sabuwar zuciyar suna iya tsukewa mai ita bai sani ba, sai dai numfashi ya fara gaza masa. Sannan ya zana da'ira biyu a bayan takardar magani, kowace a matsayin jijiyar jini. A ta farko kitse ya taru wuri guda, irin toshewar da aka saba gani. A ta biyu bangon jijiyar ne ya yi kauri ko'ina daidai wa daida, wanda shi ne ciwon masu dashe, kuma yakan kama kusan rabinsu cikin shekara 10. Nan Yaya ya yi shiru.

Wannan bambanci ne ya sa ba sa tsayawa a kan anjiyogiram kaɗai, wato hoton da ake ɗauka bayan an zuba ruwan rini a jijiya, domin ramin da jini ke bi kawai yake nunawa. Sukan haɗa da ƙaramar na'urar sauti da ke shiga cikin jijiyar ta auna bangon, kuma ƙarin kaurin da ya kai milimita 0.5 a shekarar farko gargaɗi ne babba. Bara, da suka ga ƙodar Yaya ta ɗan raunana saboda magungunan danne garkuwar jiki, sai suka ɗage rinin, suka yi masa hoton sauti ta kan ƙirji bayan sun hanzarta bugun zuciyar da magani. Hankalina ya kwanta da wannan taka-tsantsan.

Inda nake da ƙorafi shi ne tsarin lokaci. Sau biyu aka ce ya zo da sassafe bai karya ba, amma ba a kira shi ba sai bayan azahar, ga shi mai ciwon suga. Haka kuma rahoton da turanci ake rubuta shi, bayanin kuma da larabci cikin sauri, don haka duk wanda zai kawo dattijon da Hausa ce kawai a bakinsa, ya taho da mai fassara, ya kuma kama masauki na kwana biyu a kusa.