Shagon tura fim na bakin tasha a Malam Madori, da wani shiri da na kasa mantawa

Tun satin da ya wuce nake so in yi magana a kan ɗan shagon nan na bakin tashar mota a Malam Madori, na yaron nan mai cajin waya da tura fim, don mutanen ƙauyukanmu da yawa can suke barin waya in sun shigo gari, kuma malamai 'yan uwana sun dame ni da tambaya wai Malama ina kike samo abubuwan tarihin nan da Hausa. To can ne. Ba zan kama sunansa ba don akwai inda zan yi ƙorafi, wanda ya san wajen dai ya gane.

Shagon ba wani girma, rabin kwantena ne da rumfar kwano a gaba, sola biyu a sama, benci ɗaya tal. Caji naira 100, turi kuma daga 100 zuwa 200 gwargwadon tsawon abu, yana ba da lamba in ka ajiye waya kuma ban taɓa jin an ce an musanya wa wani batir a wajensa ba. Abin da ya raba shi da sauran masu turi shi ne yaron ya yi karatu, yana jin Turanci sosai, sai ya sauko da shirye-shiryen tarihi daga intanet ya zauna cikin dare ya ɗora muryarsa da Hausa a kai. Ranar da na je karɓar wayata ya ce min, Anti akwai wani sabo amma ban sani ba ko zai miki, na matan bariki ne a Amurka lokacin haƙar zinare. Na ce ƙanena tura min, ai tarihi tarihi ne.

Wallahi na ɗauka zan ji irin fassarar nan ta shaƙiyanci da ake yi don samari su yi ta shewa. Ko kusa. Tun daga farko har ƙarshe muryarsa a natse take, mata masu zaman kansu yake ce musu, bai zagi kowa ba kuma bai ƙawata abin ba.

Ya faro ne daga 1848 da aka ga zinare a Kalifoniya, maza suka yi ta kwarara daga ko'ina, har a ƙidayar 1850 cikin mutum 100 na jihar mata ba su kai 10 ba. Garuruwa suna tashi cikin 'yan watanni, tantuna da ɗakunan katako, ba iyali ba dangi, sai maza da kuɗi a hannu da giya da caca. Mace in ta faɗo irin wannan waje ba miji ba uba, aikin da ke gabanta wanki ne ko girki ko aikatau, kuɗin kuma bai isa ya riƙe ta ba. Wasu mijin ne ya mutu a ramin haƙa, wasu gudowa suka yi daga duka, wasu kuma yaudararsu aka yi. A garin Deadwood, wani garin zinare a yankin Dakota da ya tashi a 1876, akwai wani mai gidan rawa, Al Swearengen, da ya yi ƙaurin suna wajen janyo 'yan mata daga nesa da alkawarin aikin kirki, sai sun iso ba kuɗin komawa su tarar da abin da ke jiransu. Nan na tsayar da wayar na yi shiru, don irin maganar nan ce har yau ake yi wa yaranmu, ki zo birni akwai aiki.

Inda ya fi tsaya min a rai shi ne bayanin matakan da ke cikin sana'ar. Akwai manyan gidaje masu labule da kayan kiɗa, uwar gida tana karɓar kusan rabin abin da yarinya ta samu, sannan ta caje ta kuɗin ɗaki da abinci da sutura, bashi kullum yana gaba yarinya tana binsa a baya. In shekaru suka fara ja ko ciwo ya kama ta sai a sauke ta zuwa gidan giya, daga nan sai wani ɗan akurkin ɗaki da gado ɗaya da ƙofa a bakin titi, daga nan sai titin kansa. Ba mai hawa sama sai ɗaiɗaiku, kowa gangarowa take yi. Ga tunjere da ciwon sanyi, maganin tunjere a lokacin zaiba ce, ita kanta guba, sai a shekarun 1940 fenisilin ya wadata. Da yawa sun koma shan wani ruwan magani mai bugarwa da ake haɗawa da ofiyom, wasu da shi suka kashe kansu. Hukumar gari kuwa ta ce abin haram ne a doka amma duk wata sai a bi su a karɓi tara, tarar ta zama kamar haraji, da ita ake taimaka wa baitulmalin gari har a biya 'yan sanda. Mazan da ke zuwa kuma ba wanda ya ce musu kanzil.

Na matan da aka kawo daga Sin ya fi muni, sayen su aka yi ta yi ana kai su San Francisco da takardar yarjejeniya ta shekaru wadda ba su iya karantawa ba, in mace ta kwanta ciwo sai a ƙara mata wa'adi. Da gwamnatin Amurka ta tashi yin doka a 1875 sai ta zama hanyar tare matan Sin kusan gaba ɗaya daga shigowa, na ciki kuma suna nan yadda suke. Ya kuma kawo labarin Julia Bulette ta Virginia City a Nevada, garin azurfa, wadda 'yan kwana-kwana na garin suka ɗauka tamkar tasu, aka kashe ta a ɗakinta a Janairun 1867, aka yi mata jana'iza ta gani ta faɗa, aka rataye wanda aka kama da laifin a 1868. Yaron ya ce ita an san sunanta ne don yadda ta mutu, sauran dubbai ko alamar kabari babu.

Da dare na sake kunnawa a tsakar gida, goggon maigidana tana kan tabarma, tsohuwa ce sosai ba ta cika magana ba. Ana cikin bayanin gidajen nan sai ta ce, yo ai gidan magajiya ke nan. Ta ce 'yar nan ai mu ma mun ga irinsa a nan Malam Madori zamanin gyaɗa. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930 shi ya tara mutane a nan, kaka na yi sai 'yan baranda da lebura da masu awo a sikeli su cika gari, baƙi da kuɗin gyaɗa a aljihu, matan da suka gudo daga auren dole ko aka sake su ba wajen zuwa sai su sauka a gidan magajiya. Ta ce akwai ƙawarta da suka yi tashe tare, aka ba da ita ga sa'an kakanta, ta yi yaji sau uku ana mayar da ita da bulala, na huɗun ta hau jirgi. Kuma duk shekarar da ruwa ya ɗauke sai a ce su ne suka jawo fari, a yi shela kowace ta yi aure cikin kwana kaza ko ta bar gari. Shekara goma sha ina gidan nan ban taɓa jin wannan labarin a bakinta ba sai ranar. Naira 200 na biya.

Yanzu ƙorafina. Na farko sunan da ya sa wa fayil ɗin bai dace ba sam, wani suna ne na jan hankalin samari wanda bai yi kama da abin da ke ciki ba, na faɗa masa gaba da gaba na ce ƙanena ka yi aiki mai kyau ka zo ka ɓata shi da suna, ya sunkuyar da kai ya ce Anti in ba haka ba ba sa karɓa. Ban yarda ba, kuma bai kamata a tura wa ƙananan yara shi ba, ya dinga duba wanda yake ba wa. Na biyu sauti, wajen minti goma na tsakiya ƙarar janareton maƙwabta ta danne muryarsa sai ka kanga wayar a kunne. Na uku memorina ya dawo da bairos, hotunan bikin ƙanwata guda nawa suka ƙi buɗuwa, ya nemi afuwa ya gyara wasu amma wasu sun tafi, don haka in za ku je ku tafi da memori daban wanda ba komai a kai. Sannan mace ba ta da wajen tsayawa, benci ɗaya samari sun cika shi, da yamma kam kar ma ki fara, ki je da hantsi kafin azahar ko ki aiki yaro da sunan abin da kike so a takarda.

Duk da haka zan koma, kuma na ce wa malamanmu su je. Na roƙe shi in ya samu sarari ya zo ƙauyenmu da wayarsa ya ɗauki muryar Goggo tana ba da labarin zamanin gyaɗa tun tana da ƙarfin magana, ya ce sai in ta yarda kuma ba zai sa sunan kowa ba. Na tambaye ta jiya, ta ce a bari sai an gama girbi.