Google Search Console: yadda ya yi min aiki a shafina na kiwon kaji

Ina rubutu a kan kiwon kaji da Hausa a wani ɗan shafi da na buɗe a intanet, kuma ta nan wasu ke nemo shagona a Zariya su sayi 'yan tsaki da abincin kaji. Duk mai shafi irin wannan, ko na girki ne ko na ɗinki ko na labarai, shawarata ya buɗe Google Search Console, manhajar Google da ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a sakamakon bincike. Kyauta ne, ko sisi ba a biya. Sai dai ya shiga da sanin cewa manhajar ba ta ɗaga shafi da kanta. Kamar sikeli take: ba ta ƙara wa kaza nauyi, amma ita ke gaya maka ko abincin da kake zubawa yana aiki.

Ba sabon abu ba ne. Da sunan Google Webmaster Tools aka san shi, a 2015 aka sauya masa suna, a 2018 kuma aka fito da fasalin da muke amfani da shi yanzu. Adireshin Gmail ya isa a shiga. Inda mutane ke cijewa shi ne wajen tabbatar wa Google cewa shafin naka ne. Ko dai ka ɗauki wata lamba da za su ba ka ka liƙa a sashen DNS na kamfanin da ka sayi sunan shafi a wurinsu, ko ka ɗora wani ƙaramin fayil, ko ka saka layi ɗaya a saman shafin. Ni ta DNS na bi, domin ita ke tattara komai wuri guda, mai www da marar www. Wanda aka gina shafinsa da manhajar WordPress, in ba ya son wannan hawa da sauka, sai ya saka Site Kit, wani ɗan ƙari na WordPress wanda Google ɗin ne ya yi shi, ya ƙarasa masa aikin.

Abu na farko da ya nuna min ya biya wahalar rajistar har da riba. Na daɗe ina rubutu, amma in na nemi taken rubutuna a Google ba na ganinsa, ina ɗauka manyan shafuka ne suka danne ni. Da na shiga sashen da ke lissafa shafukan da Google ya ɗauka da waɗanda ya bari, sai na tarar kusan duka nawa suna gefen waɗanda aka bari, an kuma rubuta dalili: akwai alamar noindex a kansu, wato umarnin kada a nuna su a sakamakon bincike. Ashe yaron da ya gina min shafin ya danna wani ɗan akwati a saitin WordPress lokacin da yake aiki, mai hana injunan bincike ɗaukar shafi, da ya gama bai cire ba. Ina zaune a kan buhun dusa a shago na cire alamar da wayata. Na miƙa wa Google taswirar shafin, wato jerin adireshin rubuce-rubucen da ke cikinsa, wadda WordPress ke haɗawa da kansa tun 2020, sannan na riƙa liƙa adireshin kowane muhimmin rubutu a akwatin dubawa da ke can sama ina neman a sake leƙa shi. Ba a daɗe ba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba don wannan sashe ba, da har yanzu ina zargin manyan shafuka.

Amma inda na fi zama, inda kuma nake ganin amfanin manhajar yake, shi ne sashen Performance. Abu huɗu yake nunawa: sau nawa shafinka ya bayyana a gaban mai bincike, sau nawa aka danna, kashi nawa cikin ɗari na waɗanda suka gani suka danna, da matsakaicin matsayinka a jerin sakamako. A ƙasansu akwai jerin ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su gan ka. Wannan jeri ya sauya min yadda nake rubutu gaba ɗaya.

Ni da nake ganin na san masu kiwo, na zauna na rubuta dogon bayani mai taken "Muhimmancin tsafta a gidan gona". Ba wanda ke neman wannan. Abin da mutane ke rubutawa shi ne "maganin farin kashi na kaji", "kajina suna mutuwa saboda zafi", "yadda ake hada abincin burola", "noila wata nawa take fara kwai". Mutum ne kajinsa ke gyangyaɗi a gabansa cikin dare, ya ɗauki waya ya rubuta damuwarsa yadda ta zo masa a baki. In na karanta irin wannan, tausayi ke kama ni, don na san abin da ake ji in jarin mutum yana faɗuwa ɗaya-ɗaya. Sai na koma ina sa wa rubutu take da irin maganar da suke yi, ina ba da amsa tun a layin farko, in kuma abin na likitan dabbobi ne in faɗa musu kai tsaye su nemi likita. Na lura kuma galibi ba sa saka haruffa masu lanƙwasa, don madannan wayoyinsu ba su da su. A cikin rubutu ban daina saka su ba, haƙƙin harshen ne, amma adireshin kowane rubutu da haruffa marasa lanƙwasa nake yinsa don ya yi sauƙin turawa.

Bayanan wata 16 yake ajiyewa, kuma ga mai sana'ar da ke tafiya da lokaci wannan babban abu ne. Kana iya kwatanta bazarar bana da ta bara. Ni na ga tambayar zafi tana tashi a Maris da Afrilu, ta ɗumama 'yan tsaki tana tashi da hunturu, ta farashin burola kuma gab da Sallah. Yanzu tun kafin lokacin ya zo nake gyara tsohon rubutu. Na kuma ga ana neman inda za a samu Shika Brown, kazar ƙwan da NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar a nan Shika, ga ta a bakin ƙofata amma ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai da jerin ya nuna min.

Wata dabara mai sauƙi: ka nemi rubutun da ake gani da yawa amma ba a dannawa. A ce an gan shi sau 1,000 an danna sau 10, kashi 1 cikin ɗari ke nan. Sau da yawa laifin take ne, ba na rubutun ba.

To, ba a rasa nono a ruga, haka ma ba a rasa abin ƙorafi a nan. Babu Hausa a cikin harsunan manhajar. 'Yan'uwa na Nijar za su iya juya ta zuwa Faransanci, akwai Larabci ma, amma mai Hausa zalla sai ya nemi mai fassara masa, ga Turancin nata na masu fasaha ne. Akwai saƙon da ke cewa Google ya leƙa shafi amma bai ɗauke shi ba tukuna, ba tare da faɗin dalili ba, kuma neman a sake dubawa ba ya tilasta masa ɗauka. A nan abin da na ga yana taimakawa shi ne haɗe gajerun rubuce-rubuce masu kama da juna su zama ɗaya mai nama, a kuma saka mahaɗinsa a wasu shafukan. Sannan ba duk kalmomin bincike ake nunawa ba, ana ɓoye waɗanda mutane kaɗan suka rubuta don kare sirrinsu. A harshe irin namu, inda kowa ke rubuta tambaya da nasa salon, abin da ake ɓoyewa ba kaɗan ba ne. Jerin ma layi 1,000 yake tsayawa, cikakkun alƙaluma kuma sai bayan kamar kwana biyu suke zuwa, ko da yake a ƙarshen 2024 an ƙara wurin duba awa 24 da suka wuce.

Sashen auna saurin shafi kan zauna fayau in baƙinka ba su da yawa. PageSpeed Insights, wani ma'aunin sauri na Google daban, ya fi amfani ga ƙaramin shafi, shi ma kyauta ne. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma abin da ke hana mu kaiwa yawanci hotunan da muke ɗorawa kai tsaye daga waya ne ba tare da rage nauyinsu ba. Mai karatu da ke ƙauye yana lallaɓa datarsa ba zai jira hoton kaza ya gama buɗewa ba. A sani kuma, masu zuwa ta Google kawai Search Console ke ƙirgawa. Wanda ya shigo ta WhatsApp ko Facebook ba ya cikin lissafi, wannan aikin Google Analytics ne, wata manhajar Google da ke ƙirga baƙin shafi. Bing ma, wani injin bincike irin Google, yana da tasa manhajar kyauta, kana iya kwaso shafinka daga Search Console ka kai can ba sai ka sake tabbatarwa ba.

Akwai masu karɓar kuɗin mutane da sunan za su yi wa shafi "rajista da Google" ya hau na ɗaya. Ba wanda ke sayar da wannan matsayi, abin da suke yi bai wuce abin da na bayyana a sama ba. In ka ɗauki wani ya taya ka aiki, ka biya shi ladan lokacinsa, amma rajistar ta kasance da Gmail ɗinka, kada kuma ka ba shi kalmar sirrinka. A cikin saiti akwai wurin ƙara mutum da adireshinsa, ka ba shi cikakken izini ko taƙaitacce, ranar da kuka rabu ka cire sunansa.