Shekara guda da haɗa janareta uku a kan layi ɗaya

Kamfaninmu na casar shinkafa da ke Gombe ya daɗe yana dogaro da janareta guda mai ƙarfin kVA 500, wanda ko da daddare, lokacin da fitilu da famfon ruwa kaɗai ke aiki, haka yake kwana yana shan dizal yana tofar da baƙin mai ta salansa. Injin dizal ba ya son daɗewa da lodin da bai kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, domin man ba ya ƙonewa sarai. Shi ya sa bara muka maye gurbinsa da injuna uku masu kVA 200 kowanne, aka ɗora wa kowannensu na'urar sarrafawa ta DSE8610, ƙirar kamfanin Deep Sea Electronics na Ingila.

Aikin na'urar ya gamsar da ni. Ba ta barin inji na biyu ya shiga layi sai ta tabbatar ƙarfin wutarsa ya yi daidai da na wanda ke aiki, bugunsa ya tsaya a kan Hz 50, wato bugu 50 a kowace daƙiƙa, kuma tafiyar wutar su biyun ta zo ɗaya, sannan ta rufe bireka, wato makunnin da ke haɗa injin da layi. Da kaka, in shinkafar Dadin Kowa ta cika mana sito, ukun ke raba lodi a tsakaninsu. In dare ya yi, biyu su kashe kansu. Muna kuma canza wa ɗaya mai ba tare da an tsayar da casa ba.

Inda aka samu tangarɗa shi ne wajen tsari. Ɗan kwangilar da ya yi mana aikin ya lissafa wutar da motocin lantarki masu juya injinan casa ke ci suna gudana, amma bai lissafa wadda suke zuƙa a lokacin tashi ba, wadda takan ninka ta kusan sau shida. Saboda haka duk safiya, da an kunna babbar motar lantarkin alhali inji ɗaya ke kan layi, sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Sai da muka ɗauko injiniya daga Kano, da kuɗinmu, ya saita yadda inji na biyu zai riga motar tashi, ya kuma raba siririyar wayar da na'urorin ke magana da juna daga manyan kebul ɗin da aka cusa ta a cikinsu. Tun daga ranar, ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska ce kaɗai ke sa mu buɗe ɗakin injin da wuri.