PNA ko LNA don tufka mai zare uku? PNA za ki saya

Ƙanwata, kin tambaye ni wanne za ki saya tsakanin PNA da LNA, wato kwaikwayon DNA iri biyu da ake ƙerawa, don yin tufka mai zare uku. Tunda wurin da kike son kamawa a jikin DNA ɗin jerin haruffan A da G ne zalla, kada ki wahalar da kanki, ki ɗauki PNA.

Da shi nake aiki, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Lokacin da Peter Nielsen da abokan aikinsa suka ƙirƙiro shi a ƙasar Denmak a 1991, sun cire sukari da fosfet ne suka sa kwarangwal irin na furotin wanda ba shi da caji, shi ya sa DNA ba ta tunkuɗe shi. Zare biyu na PNA sukan rungumi zaren A da G ɗin, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, su kori abokin tufkarsa na asali ya koma yana lilo a waje. Ranar da na fara ganin haka a jel ɗin da ake ware DNA a cikinsa da wutar lantarki, layin DNA ɗin ya maƙale can sama, wanda ba a taɓa ba kuwa ya zarce ƙasa, sai da na kira duk wanda ke ɗakin gwajin ya zo ya gani. Ga shi sinadaran da ke cinye DNA da masu cinye furotin duk ba sa iya masa komai.

Ki nemi bis-PNA, wato wanda aka ɗaure zarurrukan biyu a jiki ɗaya, a sa miki J, wani harafin kwaikwayo, a madadin C a zaren gefe don kada pH, wato tsamin ruwan, ya riƙa juya ki. Yana da halinsa dai. Ba ya son gishiri lokacin kutsawa, don haka ki haɗa su a ruwa mai ƙarancin gishiri, in ya kama sai ki ƙara. Yana kuma da wuyar narkewa da son manne wa jikin bututu. Ki ce a sa masa laisin a wutsiya, wato sinadarin furotin mai caji da ke taimaka masa narkewa, ki ɗan ɗumama shi kafin ki ɗiba.

LNA kuwa na saya, yana nan a firiza. Ba zan ce ba shi da amfani ba, kowane harafinsa guda yakan ƙara wa tufka mai zare biyu digiri 2 zuwa 8 na jure zafi, masu qPCR, wato gwajin auna yawan DNA, na jin daɗinsa. Amma a tufka uku sai an gauraya shi da DNA, in kika yi zaren duka da LNA ba ya kamawa, kuma ya fi son rungumar kansa.

Abin da ba ki tambaya ba: ki yi hattara da dillalan da ke cewa za su kawo miki a rabin kuɗi. Ki nemi takardar HPLC, wato gwajin tsaftar kayan, da ta awon nauyi mai ɗauke da jerinki, ki lissafa nauyin da kanki ki gwada. In kaya sun iso, ki zuba kaɗan a jel shi kaɗai. PNA na gaskiya ba ya bin hanyar da DNA ke bi, don ba shi da irin cajin DNA da zai ja shi. In kika ga ya yi gudu kamar DNA, an sayar miki da gama-garin oligo ne, wato guntun zaren DNA. Kada ki biya cikon kuɗi kafin wannan gwajin, in da hali ma ki sa jami'arku ta yi oda kai tsaye daga masu ƙera shi, irin su Panagene na Koriya ta Kudu.