Katifar iska ta majinyaci: wacce ya kamata a saya?

Mai jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko tsohon da ya daina tashi, babu abin da yake tsoro kamar gyambon kwanciya. Ƙugu, kwatangwalo da duga-dugai ne ke fara ci, domin nauyin jiki na danne fata a kan ƙashi har jini ya kasa zagayawa.

Katifar soso ta gida ba aikinta ba ne. Ta ruwa ga nauyi ga yoyo. Mai ƙwai-ƙwai, wato mai ƙananan kumburi kamar ƙwai a samanta, tana da araha, amma siririya ce, mai jiki na hawa sai ya nutse.

Ni mai bututu nake so, kuma ita nake nuna wa kowa. Bututun iska ne aka jera a gicciye, famfo ya cika rabinsu ya sassauta sauran, bayan kamar minti 10 ya musanya, ta yadda babu wurin da ke ɗaukar nauyi na tsawon lokaci. Idan ɗaya ya huje, shi kaɗai ake cirewa. Babban abin dubawa shi ne maɓallin daidaita iska, kuma a fi son wanda aka rubuta kilo a jikinsa. Ramammiyar tsohuwa mai kilo 45 da ƙaton mai kilo 100 ba iska ɗaya suke bukata ba. In ta yi yawa katifar ta koma kamar katako, in ta yi kaɗan ƙugu ya dira ƙasa. Bayan an kwantar da majinyacin, zura tafin hannu ƙarƙashin katifar daidai ƙugunsa. In ka ji ƙashi na dannan hannunka, ƙara iska har a sami tazarar kamar yatsu biyu. A sake gwadawa duk sanda aka ɗaga kan gado domin ba shi abinci, don a lokacin nauyi na taruwa a ƙugu. Duk da haka juya shi bayan kowace awa 2 na nan daram.

Sai a kula da 'yan kasuwa, don Allah. Akwai mai miƙo maka katifar iska ta kwanan baƙi ya rantse ta asibiti ce. Ta gaskiya tiyo biyu ke shiga cikinta daga famfo. An taɓa sayar mana da famfon da maɓallinsa ado ne kawai, ka murza hagu ka murza dama iskar ɗaya ce, sai da ƙugun kawuna ya yi duhu ya ɗauki zafi aka gano. Kada ka biya sai an jona a gabanka, ka dafa bututu ka ji ya yi tauri ya kuma saki, ka murza maɓallin ka ji bambanci. Wasu tsohon famfo suke gogewa su sa a sabon kwali. Duba bayansa kuma: na Amurka mai ƙarfin wuta (volt) 110 ne, wutarmu ta 230 za ta ƙona shi nan take. Ka tanadi ƙaramar sola, don in an ɗauke wuta katifar sacewa take yi a hankali da majinyaci a kai.