Kwana uku da na kai yarana koyon tonon kayan tarihi a Bauchi

Tun da muka dawo mata ke ta tambayata a waya wai ya abin yake, ya cancanci kuɗinsa ko a'a, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. A hutun Disamba ne wasu malaman tarihi da ɗaliban jami'a suka haɗa shiri na kwana uku don yara da iyayensu, a group ɗin iyayen makarantar su Ummi na ga sanarwar. Kuɗin da suka karɓa kan kowane yaro bai kai na ɗinkin sallah ba, har da mota da abincin rana. Na biya wa Ummi mai shekara sha uku da Abba mai tara, ni ma na bi su don ban iya sakin yara haka nan.

Ranar farko cikin gari aka yi. An zagaya da mu wajen Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran, malamin yana ba da labarin yadda Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1809 ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi tara. Wannan duk yara sun ji a aji, na ga ma Abba ya fara hamma. Amma da aka koma filin makarantar aka zube musu jar ƙasa da ruwa da ciyawa aka ce kowa ya cire takalmi ya shiga kwaɓi ya mulmula tubali irin na da, mai kai kamar ƙwai, sai yara suka farka. Abba ya yi guda shida ya ce hannunsa ya mutu. Malamin ya ce to ka ƙirga guda nawa za a ci kafin a tada bangon ɗaki ɗaya, balle a zagaye gari. Yaron ya yi shiru yana kallon tubalansa, da muka biyo ta ƙofar da yamma sai da ya leƙo ta tagar Keke yana ta kallo har muka wuce. Mun kuma shiga kabarin Tafawa Ɓalewa, ta wannan lungun mai duhu da ake bi kafin a fito sarari, Ummi ta san an kashe shi a Janairun 1966 amma ba ta taɓa zuwa ba duk da a garin aka haife ta.

Rana ta biyu ita ce ta biya ni kuɗina wallahi. Sun ja igiya sun kafa ƙusoshi sun yanka fili murabba'i murabba'i, kowane rukuni da nasa, aka raba musu cokalin magina da buroshi da rariya da tef na awo da takarda da fensir. Tun farko suka faɗa wa yaran gaskiya cewa su ne suka binne kayan da hannunsu, don tono na ainihi a kufai sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ba wanda zai ɗau fatanya kawai ya je ya haƙa. Wannan gaskiyar ta burge ni, da sun ga dama sai su bar yara su ɗauka sun gano wani abin mamaki. Ba a sara ƙasar, kankare ta ake yi kaɗan kaɗan kamar mai kankare ƙanzo, duk abin da aka kwashe a zuba a rariya a tankaɗe. A sama suka fara samun marfin lemo da guntun leda, da suka ƙara nisa sai ga kwabo mai huji na zamanin Turawa, can ƙasa kuma wuri irin na kuɗin da, da gawayi da tsingaro mai zane. Ba wanda ya yi musu dogon bayani, wata yarinya ce da kanta ta ɗaga murya ta ce Anti ashe na ƙasa ya girmi na sama! Ɗalibar da ke kula da su ta ce to kin gama gane rabin aikinmu.

Abin da ya fi tsaya min shi ne dokar da suka kafa, in ka ga abu kar ka cire. Ka share gefensa da buroshi, ka auna nisansa daga igiya da zurfinsa, ka zana shi a takarda, sannan a ɗaga a sa a leda a rubuta lamba. Abba ya ga wurin nan ya fizge da murna ya rugo ya nuna min, Antin ta bi shi a hankali ta ce Abba a ina ka samo, ya waiga ya rasa gurbin. Ta ce ka ga yanzu wuri ne kawai, da yana inda yake zai gaya mana ko tare da tukunyar nan aka ajiye shi, ko ya riga ta, ko daga baya ya faɗa. Ba ta yi masa tsawa ba, amma yaron ya ji abin har ransa, ya koma ya durƙusa bai ƙara ɗaga kai ba har aka kira sallar azahar. Ita kuwa Ummi zanen ne ya kama ta, yarinyar da ke kukan lissafi ga ta nan da tef tana faɗin santimita.

Rana ta uku Yankari aka nufa, kuma nan ne zan yi ƙorafi. An ce mu hallara ƙarfe shida da rabi, cikin sanyin nan muka fito da yara, motar da masu shirin suka ɗauko ba ta zo ba sai wajen tara, ba kuma wanda ya fito ya ba mu haƙuri ko ya ce ga abin da ake ciki. Tafiyar ta haura kilomita 100 ta hanyar Dindima, kafin mu isa rana ta take. Saboda haka tsofaffin rijiyoyin Dukkey da aka sa a takardar shirin ba mu gan su ba, yara sun ji haushi, ni ma haka. Na biyu, wani daga cikin malaman da zarar ya ɗau zafi sai ya juye Turanci, alhali akwai ƙananan yara da iyaye mata da ba su bin sa, sai da wata Hajiya ta ce Malam don Allah dawo gida. Sannan ranar tono yara goma ne a rami ɗaya, cokali huɗu, masu ƙarfi suka riƙe, sai da aka sa baki ƙanana suka samu.

Amma abin da muka gani ya wanke min rai. Ni duk zuwana Yankari giwa da ruwan Wikki na sani, wannan mai ɗumin nan da ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina. Ban san akwai kogunan Marshall ba, ɗakuna 59 da mutane suka fafe a jikin dutse da hannu, ƙofar kowanne ɗan zagaye sai ka rarrafa, an sa musu sunan Baturen da ya ba da rahotonsu a 1980, ana kuma cewa maɓoya ce ta lokacin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. Abba ya shiga ɗaya ya zauna, ya fito ya ce Umma ciki ba zafi. Daga nan aka kai mu Shau Shau inda murhunan narkar da tama suke tsaye, kusan 60, na yumɓu. Malamin ya ɗauko wani dunƙule baƙi mai ƙyalli ya ba yara suna miƙa wa juna, ya ce kashin tama ne, dattin da ke saura in an cika murhu da tama da gawayi an hura wuta har ƙarfe ya rabu. Ya ce fatanya da gatari da mashin mutanen wannan yanki daga irin wannan wurin suka fito tun ba a san ƙarfen jirgi ba. Kakana maƙeri ne, na taso ina jin ƙarar uwar maƙera a zaure, amma ban taɓa tambayar daga ina ƙarfen kakanninsa yake zuwa ba sai ranar, na riƙe abin nan a hannuna na ji idona ya kawo ruwa. Da aka gama malamin ya karɓa ya mayar daidai inda ya ɗauka.

Wanda zai kai nasa in an sake yi, ya sa musu tsofaffin kaya da takalmi sawu-ciki da hula, ya riƙe ruwa da yawa, a Wikki kuma a kula da leda a hannu don birai na fizgewa. Yaron da bai kai bakwai ba zai gaji ranar tono. Ni dai zan sake biya, in sun gyara maganar mota.

Shekaranjiya ana haƙa fandisho a filin bayan gidanmu, sai ga Abba a guje, Umma ara min wayarki. Na bi shi, ashe tsingaro ya gani maƙale a jikin ramin, bai taɓa ba, ya ajiye rularsa ta makaranta a gefe ya ɗau hoto. Ya kai wa Hajiya kakarsu, ta sa tabarau ta jawo hoton kusa ta ce wannan ai bakin tulu ne, zanen kuma igiya ake murzawa a jiki tun yumɓun na ɗanye, haka matan garinsu ke yi tana yarinya. Ya ce Hajiya tsaya in ɗauko biro, ya zauna a gabanta kan tabarma ta sake faɗa masa daga farko yana rubutawa.