Kwas ɗin PGDE na ƙarshen mako a Katsina: abin da ma'aikacin jin daɗin jama'a zai tarar

Wanda ya yi digiri a fannin jin daɗin jama'a, kuma ya yanke shawarar komawa koyarwa a firamare, hanyar da aka fi bi ita ce PGDE, wato diflomar ilimi ta gaba da digiri. Dalili kuwa shi ne mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, wato takardar kammala kwalejin ilimi, sannan Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, tana buƙatar mai digirin da ba na ilimi ba ya haɗa da difloma irin wannan kafin ta yi masa rajista. Jami'o'i da dama suna bayar da ita, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Ni na yi tawa a wata cibiyar karatun Asabar da Lahadi a cikin birnin Katsina, bayan na shafe shekaru ina sasanta ma'auratan da suka rabu a kan riƙon 'ya'ya, ina kuma bin sawun yaran da aka cire daga makaranta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin malamanmu sun riƙe alli da hannunsu kafin su zama masu horar da malamai. Darasin rubuta tsarin darasi kaɗai ya isa ya biya kuɗin da na kashe. Malamar da ta koyar da shi ba ta yarda ɗalibi ya rubuta cewa yara za su "fahimci" abu. Sai ya faɗi abin da yaro zai iya yi a ƙarshen darasin wanda ido zai gani, kamar ya haɗa baƙi da wasali ya karanta gaɓa. Darussan halayyar yara kuwa ba su ba ni wahala ba, domin mai aikin jin daɗin jama'a ya riga ya san yadda yunwa da mutuwar aure da maraici suke bayyana a fuskar yaro.

Koyarwar gwaji ita ce ta nuna mini bambancin ayyukan biyu. A ofis iyali ɗaya ake saurare, a buɗe masa fayil, a bi shi har gida. A aji biyu na firamare kuwa, yara ne cike da ɗaki, wasu a benci wasu a ƙasa, kuma kowane yana jiran malami a lokaci guda. Akwai wata yarinya da kullum take shigowa bayan an kira rajista, hannunta da maiƙon ƙosai, ta zauna ta fara gyangyaɗi. Kallo ɗaya na yi mata na gane daga talla take, kuma na san yadda zan gaisa da mahaifiyarta har mu yi maganar ba tare da ta ji an ci mata fuska ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan ja ta cikin darasin ba tare da sauran ajin ya watse ba. Malamin da cibiyar ta turo duba ni ya zauna a bayan aji har aka tashi, sannan ya nuna mini yadda ake dawo da irinta layin gaba, a ba ta aikin raba littattafai, a kira sunanta da tambaya mai sauƙi tun farkon darasi. Wannan kulawa ta cancanci yabo, domin ba sa hannu a takarda kawai ya zo yi ba.

Inda cibiyar ta gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce, shi ne koyar da karatun farko. Yawancin misalan da ake bayarwa na sakandare ne, alhali mai shiga firamare babban aikinsa shi ne ya sa yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya iya karatu. Dabarun koyar da sautukan haruffa da Hausa sai a makarantar gwaji na koye su, a wajen tsofaffin malamai da littattafan RANA, wani shirin koyar da yara karatu da lissafi wanda aka gudanar a jihohin Katsina da Zamfara. Ya kamata a ware wa wannan fanni darasi na musamman. Sakamakon jarrabawa ma yana jinkirin fitowa, kuma atisayen kwamfuta ya yi kaɗan, ga shi jarrabawar TRCN a kwamfuta ake yin ta.

Duk da haka ina ba masu niyya shawara su shiga, muddin sun san cewa takardar ba ita ce aikin ba, domin ɗaukar malaman firamare na gwamnati yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi 34 na jihar. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya tabbatar cewa TRCN tana karɓar shaidar cibiyar, ya kuma nemi a tura shi koyarwar gwaji a firamare, a ajin ƙasa, ko da an yi masa tayin sakandare.